Na sayar da allo, ban sayar da haƙƙi ba

Shekara 9 ke nan ina zane a wani ɗan shago a Agege, ba nisa da layin dogo. Da na zo daga Zariya, a zatona aikin mai zane ya ƙare a fenti da buroshi. Ciniki kuwa sai a yi musafaha a ce Allah Ya sa albarka, don a wajenmu wanda ya ce a rubuta kamar ya ce bai yarda da kai ba ne.

Wani Alhaji mai harkar tumatir a Mile 12 ya sayi zanen mahayin doki na hawan Sallah da na yi wata biyu ina fama da shi. Ya biya lakadan. Ƙarshen shekara na tsaya wajen mai shayi a Obalende, ina ɗaga kai sai ga dokina a jikin kalandar wani kamfani, an datse gefen da na sa hannu. Shayin ma ban shanye ba.

Da na je wa Alhaji da maganar, bai ga laifinsa ba ko kaɗan. "Malam, ai na biya ka. Wanda ya sayi saniya sai ya nemi izini kafin ya tatse ta?" Ni ma a ranar ban da amsa.

Wani lauya da muke sallah a masallaci ɗaya ne ya warware mini. Ya ce allon da fentin su na sayar, amma ikon buga zanen a kalanda ko riga yana hannuna, kuma ba ya komawa ga wani sai da rubutacciyar yarjejeniya. Haƙƙin yana nan tun ranar da na gama aikin, ko ban yi rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ba, sai dai rajistar tana taimakawa wajen kafa hujja. Yana kuma ɗorewa shekara 70 bayan rasuwar mai zane, wato har jikokina. Datse sunana ma laifi ne mai zaman kansa. Duk wannan yana cikin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023.

Na ce to, Barista, mu je kotu. Ya yi dariya. Irin wannan ƙara Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke saurarenta, a nan Legas sai an dangana da Ikoyi, kuma kuɗin lauya da zirga-zirga za su ninka kuɗin zanen. Dattawan unguwa suka shiga tsakani, kamfanin ya biya ni abin da ya sauwaƙa, aka tashi da addu'a. Har yau ina ganin an yi mini ƙwange.

Daga nan na zama mai wa'azin haƙƙin mallaka a duk inda masu zane suka taru, har ranar da abin ya juyo kaina. Wata Hajiya a Idi-Araba ta sa na zana 'yarta amarya, kyautar biki. Aikin ya yi kyau, na ɗauki hotonsa na ɗora a Instagram don neman kasuwa. Kafin la'asar ta kira: "Ɗan nan, wa ya ba ka izinin baje 'yata a duniya? Ga ta matar aure!" Na fara cewa ai ni na zana, haƙƙin nawa ne. Wanzami dai ba ya son jarfa. Da na koma wurin Barista sai ya nuna mini cewa dokar da nake tinƙaho da ita ta ba wanda ya sa a zana masa hoto don amfanin gida ikon hana a nuna shi ga jama'a. Na goge, na je har gida na ba da haƙuri, da kunya kamar ƙasa ta tsage.

Abu ɗaya da har yanzu ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kason sake sayarwa. Doka ta ce mai zane yana da rabo idan aka sake sayar da aikinsa a gwanjo ko ta hannun dillali, amma ni ban taɓa karɓar sisi ta wannan hanya ba. Nakan tuna Tutu, zanen shahararren mai zane ɗan Najeriya Ben Enwonwu, da aka yi gwanjonsa a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2, shekara 24 bayan rasuwarsa. Zane yakan yi tsada ne bayan ya bar hannun mai shi.

Yanzu rasit ɗina yana da layi uku a ƙasa: abin da aka saya, ko an yarda a buga shi, ko an yarda in nuna shi a intanet. Bara Alhajin tumatir ya dawo yana son zanen kasuwar Mile 12 da asuba. Ya sa yaronsa ya karanta masa layukan, ya girgiza kai ya ce, "Malam, Legas ta lalata ka," sannan ya karɓi biro.