Lita 4 da suka kusa kashe mini murjani

'Yan'uwa masu koyon kiwon murjani (halittar teku mai rassa) a tankin ruwan gishiri, da safen nan ma'aunin gishirin tankina ya dawo 1.026, wato gishiri 35 cikin dubu kamar yadda ake so, kuma sai yanzu hankalina ya kwanta.

Na shekara 5 ina kiwon kifin ruwan daɗi, hannuna kuwa ya saba da sauƙinsa: in zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo ina tsotso dattin cikin tsakuwa, in ɗiga maganin kulorin a ruwan famfo, in cika tanki har layi. Wannan al'adar ta cikawa har layi ita ta ci ni a tankin ruwan gishiri mai lita 200.

Duk ranar canjin ruwa na mako-mako nakan tarar ruwan ya ragu da kamar lita 4, domin ruwa ne ke ƙafewa, gishiri yana nan inda yake. Sai in ɗebe lita 20, in zuba lita 24 na haɗaɗɗen ruwan gishiri don ya kai layi. Kowace lita tana ɗauke da kimanin giram 35, wato giram 140 nake ƙarawa duk mako da hannuna, ina ganin ƙoƙari nake yi. Cikin wata 2 gishirin ya haura daga 35 zuwa 39 cikin dubu. Murjanin ya tsuke ya ƙi buɗewa, ni kuma na ɗora laifin a kan fitila, na koma kan hita, har na zubar da bokiti biyu na ruwan gishirin da na kwana ina juyawa da injin famfo. Asarar gishirin nan ta yi mini ciwo, balle ruwan da na'urar tace ruwa ta RO ke zubarwa kafin ta tace lita ɗaya.

Haidiromita, na'urar auna gishiri mai allura, wadda na daina yarda da ita, ta taimaka wajen ruɗa ni, domin kullum da abin da take nunawa. Sai da na saita rifraktomita, wata na'urar auna gishiri, da ruwan gwaji na 35 cikin dubu sannan na ga 1.029 ƙarara, wato kimanin 39 cikin dubu.

Ban yi gaggawar saukewa ba. Kullum na ɗebe lita 3, na mayar da tataccen ruwa zalla, har kwana 7. Yanzu nakan fara cike gurbin da ya ƙafe da tataccen ruwa, in bar shi ya gauraya, sannan in ɗebi lita 20 in mayar da 20 daidai. Reshe ɗaya na murjanin har yanzu fari yake a tsini, ina sa masa ido.