Mu biyu muka rage a shago

Shagon kayan masarufin da nake aiki a Kano, da can mu biyar ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin dakon kaya da na man janareto suka yi sama, duk wanda ya bar aiki maigida ba ya ɗaukar wani a gurbinsa. Yanzu mu biyu ne.

Ni ne mai karɓar kuɗi, ni ne mai shiga sito in ɗauko katan ɗin taliya da buhun sukari, ni ne kuma mai canza farashi a jikin kaya duk lokacin da aka dawo daga kasuwar Singa da sabon farashi. Idan na'urar POS ta ƙi aiki, ko Hajiya ta tura kuɗi ba su shigo ba, layi sai ya kai bakin ƙofa. Wani ya ɗaga murya: "Malam, tun ɗazu nake tsaye!" Gaskiyarsa ce, amma wallahi abin yana min ciwo, don ba raina shi na yi ba.

Sallar Azahar sai dai mu yi karɓa-karɓa, abinci kuwa a tsaye ake ci.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafin dare. Cikin wannan hayaniya dole a samu kuskuren canji, kuma daga albashinmu ake cirewa. An ce mafi ƙarancin albashi ya koma naira dubu 70 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Gobe zan sake roƙon maigida ya ƙaro mana ko mutum ɗaya kafin azumi.