Abin da Na Gani a Tsibirin Sawakin

Na ziyarci Sawakin kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023, kuma abin da ya kai ni shi ne labarin tsofaffin alhazanmu, waɗanda suka ratsa Borno da Wadai da Darfur da ƙafa, wasu suna yada zango su yi noma ko ƙodago na shekaru kafin su iso wannan gaɓa ta Bahar Maliya su hau jirgin ruwa zuwa Jidda.

Daga Fot Sudan muka yi kudu a mota, tafiyar kimanin awa guda. Tsibirin ɗan ƙarami ne, kewayayye, yana zaune a cikin wani lungun teku wanda siririn mashigi ne kaɗai ya haɗa shi da babban ruwa, kuma mutum zai iya zagaye shi da ƙafa ba tare da ya gaji ba. Wannan ɓuya da ya samu daga iska da igiyar ruwa ita ce ta mai da shi babbar tashar fatake. Turkawa sun riƙe shi tun ƙarni na 16, ya koma hannun Masar a 1865, sannan buɗe mashigin Suwez a 1869 ya ƙara masa ciniki. A shekarun 1880 Usman Digna, kwamandan Mahadin Sudan, ya yi ta kai wa garin farmaki amma bai ci shi ba.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne ginin. Da dutsen murjani da ake haƙowa daga teku aka gina gidajen, wasu hawa biyu wasu hawa uku, da tagogin katako masu sassaƙa da ke leƙo titi. Na ɗauki wani gutsure da ya faɗo daga bango, na ji ba shi da nauyi, duk jikinsa ƙofofi ne, yana marmashewa a tafin hannuna. Wani dattijo da ke sayar da gahawa mai citta a bakin hanyar shiga ya bayyana mini cewa irin wannan dutse sai an riƙa shafe shi da farar ƙasa a kai a kai, in ba haka ba gishiri da raɓa su cinye shi. Da Turawan Ingila suka ga mashigin Sawakin ya yi wa manyan jirage kaɗan, suka gina Fot Sudan, aka buɗe ta a 1909, fatake suka kwashe, shafen bango ya tsaya. Yawancin kangayen da na gani rashin mai gida ne ya kayar da su.

Na koyi cewa da sassafe ya kamata a shiga, da ruwan sha da takalmi mai ƙwari, domin rana tana da zafi kuma babu inuwa, sannan hawa bangon da ya tsage ganganci ne. Masallatan Hanafiyya da Shafi'iyya da Turkiyya ta gyara sun burge ni, sai dai na fi ƙaruwa a cikin ɓangaren garin da ke kan tudu, wajen tsibirin, inda na ci karo da jikokin mahajjata suna jin Hausa garwaye da Larabci. A ganina tarihin waɗannan mutane ya cancanci a rubuta shi yanzu, tun dattawan da suka ji shi daga bakin iyayensu suna raye.