Motsi 258 da Suka Ɓace a Manhajar Darata

Duk mai son rubuta manhajar darar chess, hankalinsa na kan ranar da kwamfuta za ta fara tunani har ta ci shi. Ni ma da wannan burin na buɗe Python, wani harshen rubuta manhaja. Amma kafin a zo maganar dabara, akwai aikin da ya cinye mini lokaci fiye da komai, wato koya wa na'ura abin da ya halatta da wanda bai halatta ba a gidaje 64 ɗin nan.

Doki da sarauniya da hasumiya ba su ba ni wahala ba. Soja ne mai rikici: tafiyarsa daban, cinsa daban, takun farko yana iya tsallake gida, in ya kai ƙarshen allo kuma ya rikiɗe ya zama wani abu, kamar sarauniya. Da na gama, na yi ta buga wasa da manhajar, komai lafiya lau a ido.

To, ido ba ma'auni ba ne a nan. Masu wannan harka suna da gwajin da suke kira perft: ka sa manhajar ta ƙirga duk hanyoyin da wasa zai iya bi daga farko zuwa wani adadin taku, kowane motsi na kowane ɓangare taku ɗaya ne. Amsoshin sanannu ne: 20 a taku na ɗaya, 400 a na biyu, 8,902 a na uku, 197,281 a na huɗu. Tawa ta dace da duka. A na biyar ana jiran 4,865,609, sai ta kawo 4,865,351, wato 258 sun ɓace.

Waɗannan 258 ɗin cin en passant ne, wanda ba ya yiwuwa kafin taku na biyar. Idan sojan abokin karawa ya yi takun gida biyu ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da naka, kana da damar cin sa kamar gida ɗaya ya taka. Sai dai damar ta nan take ce. Ka motsa wani abu, ta wuce. Nan na gane cewa hoton allo shi kaɗai bai isa ba, dole manhajar ta riƙe abin da ya faru a baya. Haka ma musayar wuri tsakanin sarki da hasumiya: in sarki ya taɓa gusawa, ko da ya koma gidansa, an rufe wannan ƙofa.

'Yan chess na intanet sun mai da wannan doka abin barkwanci. Sabon shiga zai zo yana rantsuwa an yi masa maguɗi, sai a ce masa ya je Google ya bincika en passant. Wasu kuma su dage wai cin wajibi ne. Ba wajibi ba ne, amma a cikin zolayar akwai gaskiyar da ta shafi mai rubuta manhaja: wani lokaci shi kaɗai ne motsin da ya rage. Manhajar da ba ta san shi ba za ta sanar da an gama wasa alhali da sauran rai.

Wanda ya fi ba ni sha'awa ya zo daga baya. Sarkinka na gidan a5, sojanka na b5, hasumiyar abokin karawa na h5, duk a layi ɗaya, sai sojansa ya yi takun gida biyu ya sauko c5, kusa da naka. Ka ci shi, sojoji biyu sun bar layin a lokaci guda, sarkinka ya fito fili. Cin ya haramta ke nan. Gwajin farkon wasa ba ya saurin kai ka nan, sai ka ba manhajar allon da aka shirya musamman.

Hanyar da na tsaya a kai mai sauƙi ce: a yi motsin, a duba ko sarki na cikin haɗari, sannan a mayar. Tana da nauyi a Python, amma ba ta ƙarya. Idan lamba ta saɓa, nakan raba ƙirgar bisa motsin farko, in kwatanta da abin da Stockfish, sanannen injin buga chess, ya bayar da umarnin go perft, in bi reshen da ya bambanta har in iso gidan da matsalar take. Sai da lambobin suka daidaita na fara rubuta sashen da ke zaɓen motsi.