Garin da na daka a bakin kogin Kilaid

Asabar, Gilasgo, ƙasar Scotland.

Daren jiya na zazzage 'yan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, masu ƙwayoyin silika farare kamar gishiri. Wata biyu ina tara su. Uwargida ta ga na nufi ƙaramin turminta, ta ce, "Maigida, ban da turmin yajina. Ai a jikinsu an rubuta kada a ci." Gaskiyarta. Sai na ƙulle su a tsohuwar safa, na bi su da guduma a bakin ƙofa, na tankaɗe. Masu shuɗin na ware su gefe, don sinadarin kobal ne ke ba su wannan launi, kuma ba ya da kyau a jiki.

Kifin tirawut na nan ba da tana muke kama shi ba. Ƙwaron ƙarya ake ɗaurawa a ƙugiya da zare da gashin tsuntsu, a jefa shi ya zauna a kan ruwa kamar mai rai. Da ya jiƙe ya nutse, kifin da ke kiwo a sama ya daina kula shi. Shi ya sa ake sayar da garin busar da shi a 'yar kwalba da ba ta wuce babban yatsa ba, kuɗinta kuwa ya daɗe yana ci mini rai, shi ne na daka nawa.

Da hantsi na isa Kilaid, can sama da garin Lanak. Ruwan ya ja baya, garau, kana ganin tsakuwa. Na ɗaura ƙwaron da na yi da gashin gindin agwagwa, wanda ke kewaye da inda take fitar da man da take shafe jikinta. Jifa na huɗu ƙaramin kifi ya ɗauka. Na cire ƙugiyar na sake shi, ƙwaron ya fito yana yauƙi, ya lanƙwame kamar jiƙaƙƙen kaza. Na ɗauraye shi, na jefa cikin kwalbata, na girgiza. Ya fito fari fat, gashin ya miƙe. Wallahi na ji daɗi har cikin raina.

Bai yi tafiyar taku biyar a kan ruwa ba ya nutse. Na maimaita sau uku, duk kanwar ja ce. Garin ma ya fara dunƙulewa a gindin kwalba.

Dattijon da ya koya mini wannan fatsa yana ƙasa da ni kaɗan. Na kai masa kwalbar, na ce, "Baba, duba mini." Ya murza garin a yatsa, ya barbaɗa a ruwa, nan take ya jiƙe ya yi ƙasa. Sai ya buɗe tasa kwalbar ya shafa wa ɗan yatsansa, ya tsoma a kogi. Yatsan ya yi ƙyalli kamar an lulluɓe shi da azurfa, ya fito a bushe ƙayau. Na daɗe ina kallon yatsan nan. Nawa garin shan ruwa yake yi, shi ke nan aikinsa. Nasa ma silika ne, amma mai laushi fiye da toka, an sarrafa shi yadda zai riƙa korar ruwa, ya riƙe iska a jikin gashin. Ashe aiki biyu ne, ni kuwa na ɗauka guda ne. Ya ce ba sai na saya a kantin kayan fatsa ba, masu gyaran kwale-kwale na kaurara gam da shi, sai dai in tabbatar na ɗauki mai ƙin ruwa, don akwai wanda ba ya ƙi. Ya kuma ja kunnena kada in buɗe shi ina fuskantar iska, saboda huhu.

Daga aljihu ya ciro wani ƙyalle mai ruwan ƙasa, mai taushi kamar jemammiyar fata. Sunansa amadou, kamar sunan mutum a wajenmu, amma kalmar Faransanci ce. Daga wani irin naman kaza da ke fitowa a jikin itace, mai siffar kofaton doki, ake yanko shi, mutanen da suna kunna wuta da shi a ƙyastu. Ya matse ƙwarona a ciki, ya goga masa garinsa da ɗan buroshi. Man da ake shafa wa ƙwaro don kada ya nutse, irin su Gink, ya ce, kada ya taɓa gashin agwagwa, manne shi yake yi.

Na yi azahar a kan ciyawa na koma. Tsarin da na bi har yamma: ɗauraya, girgizawa a garina, sannan ɗan garin da dattijon ya tsiyaya mini. Kifi uku na ƙara, ɗaya ya kusa tsawon taƙi biyu, da jajayen ɗigo a gefensa.

Garina ban zubar ba. Na shanya shi a faranti kusa da hita, ya saki ruwan da ya sha kafin Asabar mai zuwa.