Garken Jakunan da Aka Sallama

A bayan gidan mai unguwarmu a Jega muka killace fili domin dabbobin cigiya da jakunan da ƙarfinsu ya ƙare. Mu 'yan kwamiti ba mai karɓar ko sisi. Ma'ajinmu tela ne. Idan bazara ta tsananta, daga aljihunsa ake sayen dusa da harawa. Malamin dabbobi kan leƙo ran Asabar, ya wanke gyambon da mangala ta yi wa jaki a gadon baya.

Dillalan fata ne ke raba kanmu a taro. Tun 2024 Tarayyar Afirka ta hana yanka jaki domin fatarsa, amma ba su fasa zuwa tayi ba. Ni kam ban yarda a sayar musu ba, ko da asusu ya ƙafe.