Fiffiken faɗa-wuta ya buɗu, saura ƙafar kuregen bisa

Alhamdu lillahi 'yan uwa, yau dai fiffiken ya buɗu bai karye ba. Wanda bai taɓa zama gaban busasshen faɗa-wuta da allura a hannu cikin hunturun Zuru ba, ba zai gane wannan murna tawa ba.

Akwatin nan da nake haɗawa, gefe ɗaya ƙasusuwan kuregen bisa ne, ɗaya gefen kuma babban faɗa-wutan da tsutsarsa ke cin ganyen kaɗanya. Kowa ya ce kuregen ne zai ba ni wuya. Ina! Shi ƙashinsa a ciki yake, jiƙawa kawai za ka yi nama ya ruɓe, ka jure wari da ƙorafin mutanen gida. Faɗa-wuta ba shi da ƙashi ko ɗaya a ciki. Ɓawon jikinsa ne ke riƙe da shi, tsokar tashi kuma tana manne a cikin ƙirji. Da ya bushe sai tsokar ta ƙame, fikafikan nan huɗu su kulle a inda suke. Ka matsa, ka ji ƙaris.

Tun farkon damina na kama faɗa-wutan da dama a gindin fitila, na ajiye a ambulan. Lokacin, jiƙaƙƙen yashin da na sa don su yi laushi fumfuna ya jawo mini, manya masu kyau suka lalace. Da hunturu ya shigo matsalar ta juye: kafin in gama shimfiɗa gefen dama, iska ta shanye danshin hagu. Na kusa haƙura wallahi.

Abin da ya yi aiki shi ne roba mai murfi, yashin rafi da ɗan ruwa, ɗigon Dettol saboda fumfuna, ƙwaron kuma a kan murfin kwalba don kada ya taɓa ruwan. Da ya fara laushi sai na zuƙi ruwan ɗumi a sirinji na tsira masa a ƙirji ta ƙasa, tunda a can tsokar take, ba a fiffike ba. Da asuba na yi aikin, ƙofa a rufe, jiƙaƙƙen tawul a gefe. Kada ku kama fiffike da yatsa. Ƙurar nan da ke manne wa hannu ƙananan ɓawo ne a jere, su ne launinsa, kuma ba sa sake tsirowa yadda gashin kurege ke yi. Ku sa bakin allura bayan jijiyar gaban fiffiken mai kauri, ku ja a hankali, ku danne da siririyar takarda.

Namiji ne, ƙahonnin kansa kamar gashin tsuntsu, da su yake jin ƙanshin mace daga nesa cikin duhu. Baki kuwa babu na kirki. Irin wannan ba ya cin komai bayan ya fito daga ƙasa inda tsutsar ke rikiɗa, kitsen da ya tara yana tsutsa yake ƙonawa 'yan kwanakin da suka rage masa. Sai ga ƙoƙon kan kurege a kusa, da haƙoran gaba huɗu da ba sa daina girma har ya mutu, dole ya yi ta gwaguya. Wannan jerin kaɗai ya biya ni.

Gilashin murfi dai ya ci mini naira 9,000, har yanzu ina jin zafin kuɗin. Allurar tela kuma tsatsa take yi a jikin ƙwaro. Kafur na zuba saboda kiyashi.

Yanzu ƙafar baya ta kuregen ce ta tsaya mini. So nake in kafa shi yana saukowa da kai ƙasa, tunda idon sawunsa kan juya baya faratan su kama ɓawon itace. Ƙasusuwan wurin ƙanana ne ƙwarai, gam yana cika su ya ɓata siffar. Wanda ya taɓa ɗaure irinsu da siririyar waya, don Allah ya faɗa mini inda yake hudawa.